Ta Ƙofar Gaba

Kafinta yana tsakar gida yana gugar wani ƙyaure da samfefa. Dusar katako ta yi masa fari a gemu. Inna tana bakin famfo tana ɗauraye kwanuka, tana satar kallon ɗakin 'yarsu. Tun da yarinyar ta dawo daga asibitin da take aikin nas take shiga tana fita, kamar kazar da ke neman wurin ƙwai.

"Barewa," in ji Inna, "ko ki faɗa masa ko ki zauna. Kin sa ni jiri."

Barewa ake ce mata tun tana ƙarama, don ba ta iya tafiya ba sai gudu. Yau kam a hankali ta tako. Ta durƙusa gefen ubanta.

"Baba, akwai wanda yake so ya turo manyansa."

Hannun Kafinta bai tsaya ba. "Ɗan wa?"

"Direba ne. Shi ke jan bas ɗin da nake shiga da safe."

"Na ce ɗan wa."

Ta dubi Inna. Inna ta dubi kwano.

"Ɗan kan tudu ne, Baba."

Nan samfefa ta tsaya.

"Jatau ɗin nan? Mai gaishe da tsofaffi?"

"Shi ne."

"Malam, yaron kirki ne wallahi," in ji Inna da sauri. "Ranar da ƙafata ta kumbura, har bakin kasuwa ya kai ni, fasinjoji na ta ƙorafi—"

"Ban tambaye ki ba." Ya hure ƙurar da ke kan ƙyauren. "A ina za ku zauna?"

"Za mu nemi filat, Baba. Yanzu ai ba kamar da ba ne. Tun ina firamare aka soke dokar raba unguwannin nan."

"A takarda aka soke ta."

Ya ajiye samfefa. Ba mutum ne mai doguwar magana ba. A shekara ba ya yin irinta sau biyu.

"Tun ba a haife ki ba nake ɗora ƙofofi a kan tudu. Wadda ba ni na yi ba, ni na gyara. Ko ɗaya ban taɓa shiga ta cikinta ba. In na gama sai in kwashe kayana in zagaya ta baya, wajen kwandon shara, a sallame ni a can. Ban yi kuka ba. Da aikin nan na ciyar da ku. Amma 'yata ba za ta yi zaman aure ta ƙofar baya ba. Ki ce masa ya samo gida. Gidan da za ki shiga ta gaba, da rana tsaka, maƙwabta na kallo, kowa ya san matar gida ce ta zo. Ya samo, na ba shi. Bai samo ba, kada ya wahalar da manyansa."

Ya ɗauki samfefarsa. Magana ta ƙare.

Garin haka yake. Titin jirgi ya raba shi biyu, gada ɗaya ta haɗa. Sama tudu, ƙasa kwari. Farare a sama, baƙaƙe a ƙasa. A tudu tituna na da faɗi, akwai itatuwa, famfo ba ya ƙafewa. A kwari gidaje sun haɗa kafaɗa, in an yi ruwan sama duk abin da tudu ya wanke nan yake sauka. Da safe mutanen kwari su hau su yi gini da girki da jinya, da yamma su sauko. A da doka ce ta raba. An soke dokar, an cire allunan da ke bakin gada, amma ba wanda ya ɗauki katifarsa ya haye.

Jatau ba ɗan masu hali ba ne. Ubansa ya rasu ya bar masa uwa da tsohon gida a wani layi na kan tudu. Mutanen kwari ne suka sa masa Jatau, don shi kaɗai ne fari a cikin direbobin da ke sauka wajensu. Da Barewa ta gaya masa sharaɗin, dariya ya yi har ya bugi sitiyari.

"Wannan ne kawai? Haba! Ni na ɗauka zai ce in kawo masa ƙahon zomo. Kafin watan nan ya mutu makulli na hannunki."

"Allah ya sa," in ji ta.

Suka fara da waya. Dillalin farko murya kamar ta mai tallan magani.

"Akwai, ranka ya daɗe! Ciki biyu da falo, ga ruwa ga wuta, sai wanda ya gani!"

Suka je tare. Dillali ya taso da fara'a, ya miƙa wa Jatau hannu. Sai idonsa ya sauka kan Barewa. Fara'ar ta bi iska.

"Kash! Da kun zo da sassafe. Yanzun nan wani ya kama."

Na biyu ya ce mai gidan ya yi tafiya da makulli. Na uku ya ce rufi na yoyo, alhali rabon sama da hadari an daɗe. Har ta kai in sun doshi gida Barewa takan taɓa shi da gwiwar hannu.

"Yau me zai sami gidan? Ni na ce gobara."

"Ke dariya ma kike yi?"

"In ban yi dariya ba me zan yi? Mu da wannan muka girma. Kai ne baƙo."

Wata ya mutu, wani ya kama, shi ma ya mutu. Jatau ya daina dariya. Wani dillali mai ƙaton ciki ya ja shi gefe, ya rage murya.

"Ɗan'uwa, ni ba ruwana da fatar kowa. Amma in na sa ta a layin nan, gobe masu gidaje su karɓe makullansu daga hannuna. Da me zan ci? Ka riƙa zuwa kai kaɗai mana. Wa ya ce sai an ga amarya ake ba da ɗaki?"

Ya kai maganar gida. Umma, uwarsa, tana falo tana ninke kayan wanki. Ba muguwa ba ce. Matsoraciya ce, kuma tsoro yakan yi aikin mugunta in ya sami wuri.

"Auta, ni ba ƙin yarinyar nake ba," in ji ta. "Amma a layin nan aka kawo ni, a nan nake so a ɗauki gawata da mutuncina. Ka bi maganar dillalin. Ka kama kai kaɗai. In an ɗaura, ta riƙa shiga ta baya na ɗan lokaci, mutane su ɗauka mai aiki ce. In ido ya saba, shi ke nan."

"Umma! Matata ce za ta zama mai aiki?"

"To kawo wata dabarar, tun da kai ne mai wayo."

Ya fita da fushi. Rabin shawarar ya zubar, rabi ya sa a aljihu. Washegari ya tafi shi kaɗai. Gidan farko da ya ƙwanƙwasa aka ba shi.

"An samu!" ya ce mata a waya. "Barewa, an samu! Da baranda, har da bishiyar lemo!"

Bai ce mata yadda aka samu ba. Ita ma ba ta tambaya ba. Mai jin ƙishi ba ya leƙa gindin tulu.

Ranar da ba ta da aiki a asibiti ta yi kwalliya, ta sa rigarta mafi kyau, suka hau tudu. Gidan fari ne, ƙofarsa koriya. Mai gidan wata tsohuwa ce mai tabarau, tana zaune a baranda. Da ta hango su ta washe baki.

"Yauwa, ɗana! Ka kyauta da ka taho da mai shara. Ke, ga tsintsiya can. Ki fara da kicin. Amma ki zagaya ta baya, akwai ƙofa, yanzu aka goge barandar nan." Ta juya ga Jatau. "Amarya fa? Yaushe za mu gan ta? 'Yar gidan wa ce?"

Barewa ba ta motsa ba. Shi take kallo. Makulli na hannunsa, ya damƙe shi har yatsunsa sun yi ja. Ya dubi ƙofar, ya dubi bishiyar lemo, ya tuna duk ƙofofin da aka rufe musu.

"Tana nan, Mama," in ji shi. "Za ta zo."

Barewa ta je ta ɗauko tsintsiyar. Ta dawo ta sa masa a hannu, a kan makullin.

"Ga shi, ranka ya daɗe. In amaryar ta zo sai ta share."

Ta juya ta kama hanya. Ya biyo ta da gudu, tsintsiya a hannu, ya cim mata a kwanar layi.

"Barewa! Tsaya don Allah! Sori, wallahi sori! Dabara ce kawai, da mun shiga shi ke nan, ba mai fitar da mu—"

"Dabara! Ni ce za a yi dabarar ɓoyewa?"

"Ba haka nake nufi ba—"

"Duk dillalan nan da suka rufe mana ƙofa, ko ɗaya bai sa ni hawaye ba. Ba su san ni ba. Kai ka san ni." Ta ja da baya. "Kada ka biyo ni. Mutanenku na kallo, kada su ce kana bin mai shara."

Da ƙafa ta sauko, ta haye gada. Sai da ta shiga gida ta faɗa jikin Inna, sannan kukan ya ɓalle. Inna na bubbuga bayanta tana nata hawayen.

"Yi shiru, 'yar nan. Yi shiru. Allah ya isa tsakaninmu da tsohuwar nan, da tabaranta kamar gindin kwalba!"

"Ba ita ba ce, Inna! Ba ita ba ce!"

Kafinta ya shigo daga shago, wanda ke manne da gidan. Ya tsaya a bakin ɗaki har ya ji labarin duka.

"Kin yi sharar?"

"A'a, Baba. Na miƙa masa tsintsiyar."

"Kin zagaya ta bayan?"

"A'a."

"To. Tashi ki ci abinci."

Bai ce ai na faɗa miki ba. Ya koma shago. Amma Inna ta ji guduma na kuskure kan ƙusa, abin da ba ta taɓa ji ba tun da aka kawo ta gidan.

Daga ranar Barewa ta daina shiga bas. Da ƙafa take hawa aiki. In bas ɗin Jatau ya cim mata a kan gada sai ya rage gudu, ya yi ta rarrafe a gefenta. Ita ko kallo. Fasinjoji su yi ta ihu.

"Direba, taka mota mana! Mu ba soyayya muka hau ba!"

"Ku bar shi, taya ce ta yi faci a zuciya!"

Jatau dai bai kwana da makullin nan sau biyu ba. Ya koma gidan mai koriyar ƙofa, ya sami tsohuwar da maƙwabtanta suna hira a baranda. A gabansu ya yi magana.

"Mama, yarinyar da kika ba tsintsiya ita ce amaryar. Ƙarya na yi miki, ita kuma na ci amanarta. In za ki ba mu gidan da saninki, muna so. In ba haka ba, ga makullinki."

Da yatsu biyu ta karɓa.

Ya dawo gida ya zuba kayansa a jaka. Umma ta tare ƙofa.

"Ina za ka?"

"Kwari. Tun da sama ba ta ɗauke mu ba, zan nemi ɗaki a ƙasa."

"Kwari! Auta, ka haukace? Me zan ce wa mutane?"

"Ki ce musu mai aiki ne ya tafi, Umma."

Ta fashe da kuka. Ya durƙusa ya ba ta haƙuri kan maganar, don ya san ta yi kaifi. Amma jakar bai ajiye ba. A gareji ya koma kwana, cikin bas, a kujerar baya.

Ya ɗauka kwari za ta buɗe masa hannu. Ai kowa ya san shi. Ya ɗauki matansu zuwa asibiti, ya jira tsofaffinsu su hau a hankali. Suka amsa gaisuwarsa da fara'a, suka ba shi ruwa. Da ya ce ɗaki, sai fuska ta canja.

"Kash, Jatau! Jiya-jiyan nan aka kama."

Wani mai gidan haya bai ma ɓoye ba. "Kun cinye sama, yanzu ƙasan ma kuna so?"

Wata tsohuwa mai ɗakuna a bayan gidanta ta fi su tausasawa. "Ɗana, ba kai muke gudu ba. Yau kai ɗaya, gobe danginka, jibi haya ta tashi a watso mana kaya waje. Ina za mu? Mu nan kaɗai aka bar mana."

Ya yi mata sallama ya wuce, don ba ƙarya ta yi ba.

Sai ya ɗauki wata hanya. Kullum in ya ajiye mota da yamma yakan zo bakin shagon Kafinta. Ya yi sallama, ya gaishe shi, ya tsaya a waje. Kafinta ya amsa, ya ci gaba da aikinsa. Bai ce shigo ba, bai ce tafi ba. Ga benci a shagon, ba a nuna masa ba. Jatau bai roƙi komai ba, bai aika a kira Barewa ba. In rana ta faɗi ya yi sallama ya wuce. Barewa takan hango shi ta labule, ya rame, rigarsa duk ta yamutse. Sai ta saki labulen ta koma ciki.

Inna ce ta gaji.

"Malam, ka ji tsoron Allah. Kai da ka sha tsayuwa a bayan gidajen mutane, yau kai ne kake tsayar da ɗan wani a rana?"

"Ni na kira shi?"

"Su ma can ba su kira ka ba sai don ƙyaure. Wai kai da su meye bambancinku yanzu?"

Ya tashi ya koma shago. Amma ranar bai cinye abincinsa ba.

Washegari yana fama da wani dogon katako, zarto na ci, ɗaya bakin na rawa. Jatau ya tako ya riƙe masa. Kafinta bai hana ba. Sai da katakon ya rabu biyu ya ɗago kai.

"Me kake nema a nan?"

"Ban samo gida ba, Baba. Sama sun hana, ƙasa sun hana. Na zo ne don ban san inda zan je ba."

"Ka ji yadda take?"

"Na ji."

"Kai jiya ka fara ji." Ya nuna benci da haɓa. "Zauna. Kana tare mini haske."

Zama ne kawai. Maganar aure ba ta taso ba, don sharaɗi na nan inda yake.

Can kan tudu kuwa gida ya yi wa Umma faɗi. Ta dafa abinci ba mai ci. Ƙawayen da take tsoron bakinsu suka zo suka yi mata jaje kamar an yi mutuwa, suka sha shayi, suka tafi. Ba wadda ta sake leƙowa. Wata ranar hantsi ta ɗauki mayafinta ta nufi gada. A garin aka haife ta, amma ƙafarta ba ta taɓa taka kwari ba. Ta yi ta tambaya har aka nuna mata gidan Kafinta. Ta tsaya ta dubi ƙofar. Ba ta ƙwanƙwasa ba. Ta bi wani ɗan lungu mai kwata, ta zagaya, ta tsaya a ƙaramar ƙofar da Inna ke zubar da ruwan wanke-wanke.

Inna ta buɗe da bokiti a hannu, saura ƙiris ta sheƙa mata.

"Innalillahi! Baiwar Allah, me kike yi a nan?"

"Ni ce uwar direba."

Inna ta ajiye bokiti ta ƙwala wa Malam kira. Kafinta ya zo yana goge hannu a riga. Ya dubi matar, takalmanta duk sun ɓaci da caɓi.

"Wa ya nuna miki nan?"

"Ba kowa. Ni na ga ta nan ya dace da ni." Idonta ya ciko. "Ni na ce masa 'yarku ta riƙa shiga ta baya. Daga bakina ta fito."

Kafinta ya daɗe yana kallonta. Da wani ne da ya bar ta ta ɗanɗana shiga ta baya. Ya gyara tsayuwa.

"Gidan nan ba a shiga ta baya. Ko akuya ta gaba take shigowa. Zagayo."

Ya fita da kansa ya buɗe mata ƙofar gaba, ya tsaya gefe har ta shige. Inna ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta kawo ruwa a kofin baƙi. Aka kira Barewa. Ta zo ta durƙusa ta gaishe ta, gaisuwa cikakkiya, amma fuska ba dariya.

"'Yata," in ji Umma, "ban zo da baki mai daɗi ba, don ba ni da shi. Gida gare ni, ɗakuna na nan a rufe, ni kaɗai nake ta ƙara a ciki kamar tsakuwa a gwangwani. Ba dillali, ba mai gida sai ni. Ku zo ku zauna. Inda nake shiga nan za ki shiga. Wanda ya tambaye ni, in ce surukata ce."

"Maƙwabtanki fa?" in ji Kafinta.

"Za su daina gaishe ni. Gara in rasa su da in rasa ɗana."

"Hm." Ya shafa gemu. "Gida ya samu. Amma ba ni aka miƙa wa tsintsiya ba. Ga mai maganar nan."

Barewa ta ɗago kai. Sannan ta ce a jira Jatau. Da yamma Jatau ya zo kamar kullum, Kafinta ya ce masa shiga ciki. Ya ga uwarsa a kan tabarma, ya tsaya kamar an dasa shi.

Barewa ta dube shi ido cikin ido, a gaban iyaye, abin da ba ta saba ba.

"Tambaya ɗaya gare ni. In wani ya sake tambayarka wace ce ni, me za ka ce?"

"Ba zan bari ya kai ga tambaya ba. Ni zan fara faɗa."

"Ko za a karɓe makulli?"

"Ko za a karɓe motar da nake ja."

"To zan yi tunani."

Inna ta mintsine ta a cinya. "Tunanin me, ja'ira? Yaro ya koma kamar sandar rake!"

Dariya ta ƙwace wa Barewa, hawaye na bin ta. Umma ma ta yi. Kafinta ya tashi ya ce yana da aiki.

Aka ɗaura aure. Da rana tsaka bas ɗin Jatau ya tsaya a ƙofar gidan Umma, cike da mutanen kwari, yana ta danna oda. Labule ya motsa a kowace taga ta layin. Umma ta fito har titi ta kama hannun amarya ta shiga da ita.

Kada wani ya ce daga nan sai daɗi. Ba haka duniya take ba. Aka wayi gari an juye musu shara a bakin ƙofa, ba sau ɗaya ba. Jatau ya kwashe. Gida biyu a layin suka kwashe kaya suka tashi. Mai kanti yakan bar Barewa a tsaye sai ya sallami kowa. Wata rana ta shigo ta jefar da jaka ta ce wallahi ta gaji, gobe za ta koma kwari. Umma ta zauna kusa da ita, ta riƙe hannunta har ta huce. Gobe ta yi, ba ta koma ba.

Akwai wani tsoho a gidan da ke kallon nasu, tsohon ma'aikacin jirgi. Kullum da safe yana bakin shingensa yana ba furanni ruwa. Kullum in Barewa ta fito za ta aiki sai ta tsaya.

"Ina kwana, Baba."

Ya juya mata ƙeya.

"Ki daina ɓata bakinki," in ji Jatau. "Mutumin nan ko furanninsa tsoronsa suke."

"Gaisuwa tawa ce, amsa tasa. Kowa ya riƙe kayansa."

Gidajen nan biyu da aka tashi suka daɗe a rufe, don mutanen tudu sun ce layin ya lalace. Da masu su suka gaji, sai ga wani malamin makaranta daga kwari ya kama ɗaya. Bayansa wani tela ya kama ɗayan. Dillalin nan mai ƙaton ciki ne ma ya kawo su, yana ta rantsuwa shi dama can ba ruwansa da fatar kowa. Sharar bakin ƙofa ta daina zuwa. Barewa ta haifi ɗa namiji, Umma ta hana kowa ɗaukarsa. Tsohon furanni dai yana nan da ƙeyarsa.

Wata safiya yaron ya tashi da rigimar haƙori, ta makara. Ta miƙa wa Umma shi, ta fito da gudu irin nata na da, takalmi ɗaya ba ta gama sawa ba. Ta wuce shingen ko waiwaye. Har ta kusa kwana sai ta ji murya a bayanta, kakkausa, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba.

"Ke! Matar direba!"

Ta tsaya cak. Tsohon ne, butar ban ruwa a hannu, fuska a murtuke.

"Yau ba gaisuwa?"

Ta dawo da baya a hankali, ta gyara takalminta, ta ɗan rusuna.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau." Ya yi gyaran murya, ya dubi furanninsa. "Na ji yaron yana kuka. Haƙori ne?"

"Haƙori ne, Baba."

"Zai wuce. Tafi, kin makara."

Ranar hutunta ta sauka kwari ta ba da labari. Inna ta yi ta tafa hannu. Kafinta yana jin su yana buga ƙusa, kowane bugu a kanta.

"Ya daɗe," in ji shi. Shi ke nan abin da ya ce. Amma da ta tashi tafiya ya raka ta har bakin gada, yana ɗauke da jikansa a kafaɗa, yana tsayawa a kowane shago don a gani.

To, yara, ku ji. Wanda ya ɓoye ki don ya sami ɗaki, ɗakin ya fi ki daraja a wurinsa, sai fa in ya gane ya dawo ya biya da jikinsa. Wanda aka wulaƙanta kuma kada ya koyi sana'ar wulaƙanta wani. Haƙuri ba sunkuyar da kai ba ne. A tsaye ake yinsa, kai a sama, kullum, har mai taurin kai ya gaji. Fata Allah ya yi ta. Titin da ya raba gari mutane suka shimfiɗa, kuma mutane ne za su haye shi.